Yadda za ka gyara lissafi da awo kafin ka shiga fizik ɗin lise

Duk shekara, da an koma makaranta a watan Oktoba, yaran unguwarmu da suka ci BEPC suka shiga Seconde sukan zo mini karatun dare nan Maradi, kuma kukansu ɗaya ne: "Mushe, fizik ya gagare mu." Ban cika buɗe littafin fizik a makon farko ba. Tambaya ɗaya nake rubutawa a allo: mota ta yi kilometir 90 cikin awa ɗaya da minti 30, nawa ne gudunta? Da yawa sukan raba 90 da 1,30, su samu 69 da ƴan kai, su ja layi biyu a ƙarƙashi da jan bik. Amsar 60 ce, don minti 30 rabin awa ne, wato 1,5. Ba fizik ya kayar da su ba, agogo ne. Ga tsarin da nake bi da su, mako biyu zuwa uku, kafin a taɓa wata doka ta Newton.

Ba zan tsaya kan tarawa da ɗebewa ba. Wanda bai riƙe jadawalin ninkawa ba har zuwa 12, ya koma ya haddace, wannan ba aikin malami ba ne.

Fara da kayan aiki. Kana bukatar regil ta santimetir 30 wadda lambobinta ba su goge ba, da metir irin na tela, da kalkilatiris mai sin da cos, da kaye guda na wannan aiki kaɗai. Kalkilatiris ba sai sabuwa ba. Ta yayanka da ya gama Terminale ta wadatar, a sake mata batir kurum. Amma kada ka saba da ta cikin waya, tunda ba za a bar ka shiga ɗakin jarrabawa da waya ba, kuma maɓallan ba wuri ɗaya suke ba.

Mataki na farko: kada ka ƙara rubuta lamba tsirara. A kasuwa ba wanda zai ce maka "ba ni biyar" ya yi shiru. Biyar me? Tiya biyar ta hatsi, ko litir biyar na mai, ko jaka biyar? A wajena duk amsar da ba ma'auni a bayanta sifiri ce, ko da lambar daidai take. Yara sukan ce na cika tsanani. Na yarda. A 1999 hukumar sararin samaniyar Amurka, NASA, ta yi asarar wani kumbo da ta aika duniyar Mars, saboda wani ɓangaren ma'aikata ya yi lissafi da ma'aunin Turawan Ingila, wani ɓangaren kuma ya ɗauka da na metir aka yi. In manyan injiniyoyi sun faɗa ramin nan, ɗan Seconde ba zai tsallake shi da wasa ba. Ma'aunan da fizik ya yarda da su, waɗanda aka tsara tun 1960 ake kira SI, uku za ka fara riƙewa: metir don tsawo, kilogram don nauyi, sakan don lokaci. Kafin ka sa kowace lamba cikin formul, mai da ita zuwa waɗannan ukun tukuna.

Mataki na biyu shi ne canjin ma'auni, kuma nan zan daɗe, don nan ne ake zubewa.

Abin da ke ba ni mamaki, ɗan Maradi ya fi kowa iya wannan aiki ba tare da ya sani ba. Ka ce wa yaro ɗan shekara takwas "dala ashirin", nan take ya san sefa 100 kake nufi. Ka ce jaka ɗaya, ya san dala 200 ce. Ninkawa yake yi da biyar, yana rabawa da biyar, a ka, yana tafe yana cin ƙuli-ƙuli. Canjin ma'auni ke nan, ba wani abu ba. Amma da ya ga gram 250 a takarda, aka ce ya mai da shi kilogram, sai hannu ya fara rawa. To, riƙe kalmomi uku: kilo na nufin dubu, santi kashi ɗaya cikin ɗari, mili kashi ɗaya cikin dubu. Gram 250 kwatan kilo ne, 0,25 kg, kamar yadda mahauci zai gaya maka. Kafin ka matsar da birgil, tambayi kanka: lambar za ta ƙaru ne ko za ta ragu? In ka koma babban ma'auni, lamba raguwa take, kamar yadda dala 200 ta zama jaka ɗaya tak.

Gudu yana da nasa tarko. Ɗan kabu-kabu da ke tafiya kilometir 36 a awa, metir 36 000 yake ci cikin sakan 3 600, wato metir 10 kowane sakan. Daga nan ne 3,6 ɗin da ake haddacewa ya fito. Ka yi shi da doguwar hanya sau goma tukuna, sannan ka ɗauki gajeriyar: daga km/h zuwa m/s a raba da 3,6. Wanda ya haddace bai gane ba, ranar jarrabawa sai ya ninka maimakon ya raba, ya ba babur gudun metir 130 a sakan, ya fi jirgin sama lokacin tashi, kuma ko a jikinsa.

Yanzu ga babban ramin, wanda ni kaina na faɗa ina ɗalibi, na yi shekara guda ban fita ba: faɗin fili da cikin abu, wato m² da m³. Metir ɗaya santimetir 100 ne, kowa ya sani. Sai yaro ya ɗauka metir kare ɗaya ma santimetir kare 100 ne. A'a. 10 000 ne. Na daina bayyana wannan da baki. Fitar da su nake tsakar gida, in ba ɗaya metir ɗin tela, ya zana murabba'i a ƙasa da tsinke, kowane gefe metir ɗaya. Sai in yanko ƴar takarda mai santimetir ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, kamar farcen ɗan yatsa, in ajiye a kusurwa, in ce guda nawa za su rufe filin nan? Wata yarinya ta tsuguna ta daɗe tana kallo, ta ce, "Mushe, ai ɗari layi ɗaya kawai za su cika." Shi ke nan. Layi ɗari, kowane layi ɗari: 100 × 100.

Ga cikin abu kuma sau uku ake ninkawa, 100 × 100 × 100, wato santimetir kub miliyan ɗaya cikin metir kub guda. Kada ka bar wannan a takarda, ka kai shi wajen ruwa. Litir ɗaya shi ne akwati mai santimetir 10 ta kowane gefe, 1 000 cm³. Metir kub ɗaya litir 1 000 ne: tano biyar masu litir 200, ko bido 40 masu litir 25 irin waɗanda ƴan ga-ruwa ke turawa a kura. In lissafinka ya ce bokitin wanka yana cin 15 m³, to ka zuba tano 75 cikin bokiti ɗaya, koma ka duba. Sirinji na kantin magani ma yana taimako, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba: mililitir ɗaya daidai yake da cm³ ɗaya, kana ganinsa da idonka.

Da wannan ya zauna, darasin nauyin abu gwargwadon girmansa ya zama wasa. Litir ɗaya na ruwa kilo ɗaya ne, wato 1 g/cm³, ko 1 000 kg/m³. Abu ɗaya ne aka faɗa da baki biyu. Litir na man gyaɗa bai kai kilo ba, wajen gram 920 ne, shi ya sa yake tasowa saman ruwa. Ƙarfe kuwa ya kusa ninka ruwa sau takwas. In ka samu ƙarfe 7,8 kg/m³, ka manta dubu a hanya.

Mataki na uku: juya formul. An ba ka v = d/t, wato gudu daidai yake da nisa bisa lokaci, ana neman t. Akwai masu koya wa yara wani zane mai kusurwa uku, a rufe harafi da yatsa a karanta amsa. Ni na hana shi a zaurena. Yana aiki ga formul mai haruffa uku, amma ranar da ka haɗu da mai huɗu ko mai kare, sai ya bar ka a tsakiyar gulbi. Abin da nake so: sa ƙananan lambobin da ka sani a madadin haruffa. Rubuta 2 = 6/3 a gefen takarda. Kana neman 3, yaya za ka same shi daga 6 da 2? 6/2. Ke nan t = d/v. Sakan biyar ya ɗauke ka, kuma ba ya ƙarya. Dokar asali ita ce ta sikeli: abin da ka yi wa hannun dama, yi wa na hagu. Kalmar nan ta "ya tsallaka ya canja alama" ita ke sa yaro ya ɗebe inda ya kamata ya raba. Kuma ka juya formul da haruffa har ƙarshe, sannan ka zuba lambobi. Wannan ba shawara ba ce.

Mataki na huɗu: lambobi masu sifiri da yawa, da kalkilatiris. Haske yana tafiya kusan metir 300 000 000 a sakan; ana rubuta shi 3 × 10⁸ don kada a ɓata sifiri. In ana ninkawa, a tara ƴan lambobin sama. In ana rabawa, a ɗebe. Kuskure uku nake gani kullum a na'ura. Na ɗaya, littafinmu birgil yake sawa, na'ura kuwa ɗigo, kada ka ruɗe. Na biyu, baka, wato alamar ( ): danna 10 ÷ 2 × 5, za ta ba ka 25, alhali in 10 bisa 2 × 5 kake nufi amsar 1 ce, duk abin da ke ƙasan layi, kulle shi cikin baka. Na uku, maɓallin EXP ya riga ya ƙunshi "sau goma", don haka 3 EXP 8 za ka danna. In ka danna 3 × 10 EXP 8, ka ninka amsarka sau goma. Sannan kowace safiya ta jarrabawa danna sin 30. In ta ba ka 0,5, lafiya. In ta ba ka −0,988, ƙanenka ya yi wasa da ita ta koma RAD, wani ma'aunin kusurwa daban, mai da ita DEG, wato digiri.

Mataki na biyar: awo da hannu. Daga sifiri ake farawa, ba daga bakin regil ba, kuma ido ya tsaya daidai saman layin, ba a karkace ba. Abu siriri ba a auna shi shi kaɗai: kaurin takarda ɗaya, auna bandir mai 500, za ka samu wajen santimetir 5, ka raba, kusan 0,1 mm. Lokaci ma haka. Ɗaura ƙaramin dutse a zare mai tsawon metir ɗaya, rataya a ƙusa, ka ɗan ture shi kaɗan, ka ƙirga zuwa da dawowa goma da agogon waya. Za ka samu wajen sakan 20, wato sakan 2 kowane zagaye. Yi sau uku, lambobin ba za su zo daidai da juna ba, kuma ba laifinka ba ne. Tara su ka raba uku. Kada ka kwafe duk abin da na'ura ta tofo. Ka auna da regil mai milimetir, sannan ka rubuta 3,3333333 cm? Lamba biyu ko uku masu ma'ana sun isa.

Saura kusurwoyi da zane, waɗannan ba sa cin lokaci. Pitagor magina ke aiki da shi kullum: 3, 4, 5 da igiya, kusurwar ɗaki ta miƙe. A zane mai kusurwa uku wanda ɗaya kusurwarsa digiri 90 ce, sin shi ne gefen da ke fuskantar kusurwa bisa dogon gefe, cos na kusa da ita bisa dogon gefe. Haddace na 30, 45 da 60. Zane kuwa, sa suna da ma'auni a kowane layi, zaɓi sikelin da zai cika takarda, yi da fensir, kuma kada ka haɗa ɗigo da ɗigo kamar haƙoran zarto. Ja miƙaƙƙen layi ɗaya da ya ratsa tsakiyarsu. Takardar milimetir ka saya tun yanzu guda biyar, don lokacin debuwar kowa ke nemanta a rana ɗaya.