Yadda za ka kori ƙwari daga lambun bayan gida ba tare da fiya-fiya ba

Yanzu a Kaduna kusan duk unguwar da ka leƙa, Rigasa ne ko Kawo ko Unguwar Rimi, za ka tarar mutane sun jera buhuna a bayan ɗaki sun shuka tumatir, attarugu, alayyahu da kuɓewa, toh tsadar kayan miya ta koya wa kowa noma. Matsalar sai shukar ta fara kyau, kana murna, kawai ka wayi gari ganye ya huhhuje ko ya nannaɗe, daga nan sai a garzaya kasuwa a sayo maganin feshi a antaya. Ni gaskiya ban goyi bayan wannan ba a lambun cikin gida, abin da za ka tsinka yau ka zuba a tukunya gobe, ga yara suna wasa a wajen ga kaji suna kiwo. Balle fiya-fiya, wannan kam sam kada ta kusanci abin da za a ci.

Lambun gida ƙarami ne, buhu goma ko ashirin, don haka babban maganin da kake da shi ido ne da hannu. Kullum da safe kafin rana ta yi zafi ka zagaya, kuma kar ka tsaya kallon saman ganye, juya shi za ka yi, don yawancin ɓarayin a ƙarƙashi suke zama su yi ƙwai.

Abin da za ka fi gani shi ne darɓa, ƙananan ƙwari masu laushi, kore ko baƙi, suna cunkushewa a kan sabon toho suna tsotse ruwan shukar har ganyen ya lanƙwashe. Suna fitar da wani ruwa mai danƙo mai zaƙi, shi ne daga baya yake yin baƙi-baƙi a kan ganye. In ka ga tururuwa suna hawa suna sauka a jikin kuɓewa ko attarugu ka bi su da ido, kiwon darɓa suke yi kamar yadda ake kiwon saniya don nono, har gadinsu suke yi. In abin bai yi yawa ba ka murje su da yatsa ko ka fesa musu ruwa da ƙarfi su zube. Sannan ka rage yuriya, takin in ya yi yawa shuka tana fitar da ganye mai taushi sosai, shi kuwa darɓa ke so.

Sai farin ƙuda, wanda in ka taɓa tumatir za ka ga wasu fararen abubuwa sun tashi fir. Illarsa ba tsotson kaɗai ba ne, shi ke yaɗa cutar da ke sa ganyen tumatir ya murɗe ya yi rawaya shukar ta tsumbure, kuma in ta kamu babu magani, cire ta kawai za ka yi ka ceci sauran. Launin rawaya yana jan shi, saboda haka ka yanka tsohuwar jarkar mai ɗin nan mai ruwan ɗorawa, ka shafe ta da basilin ka rataye daidai tsayin shukar, su zo su maƙale.

Wanda ya fi kowa ta'adi a tumatir shi ne Tuta absoluta, da manoma ke ce wa sharon, wanda a 2016 ya cinye gonaki har sai da gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Asalinsa daga Kudancin Amurka yake. Uwar tasa wani ɗan mitsitsin malam-buɗe-littafi ne mai yawon dare, tsutsar kuma tana shiga cikin naman ganyen ne ta zauna tana ci, shi ya sa za ka ga wani tabo fari kamar leda, in ka ɗaga a rana har kana hango ta a ciki. Feshi ba ya kai mata sosai tunda a ɓoye take. Ka tsinke duk ganyen da ya nuna alamar, ka ƙona ko ka ƙulle a baƙar leda ka ajiye a rana, kar ka yar a gindin shukar don za ta shiga ƙasa ta gama girma ta fito ta sake sabon zagaye. Irin da ka yafa kuma tun yana ƙarami ka rufe shi da tsohon gidan sauro.

Yanzu maganar haɗi. Dogon yaro dai ko'ina akwai shi a garin nan kyauta, kuma ƙarfin ya fi yawa a 'ya'yan, ba a ganyen ba. Ka tsinto waɗanda suka nuna suka faɗo, ka wanke ɓargon, ka shanya a inuwa su bushe, ka fasa ka cire ƙwayar ciki ka daka. Giram 50 a lita ɗaya na ruwa, wato wajen cikin tafin hannu biyu, rabin kilo kenan a bokiti mai lita 10. Ka ƙulle a tsumma ka jiƙa ya kwana, da safe ka matse ka tace sosai don kar ya toshe bakin abin feshi. Ka narka ɗan sabulun salo, kamar ƙaramin cokali ɗaya a kowace lita, shi zai sa ruwan ya kama ganye. In ba lokacin 'ya'ya ba ne, ganye kilo ɗaya a daka a jiƙa cikin lita 5, yana aiki amma bai kai ƙwayar ba.

Anan ne mutane da yawa ke karaya, sun fesa da yamma sun fito da safe sun ga tsutsa na nan da ranta sai su ce ai ƙarya ne. Dogon yaro ba ya kisa nan take, hana su ci yake yi, ya hana su saɓa su girma, sai bayan kwana biyu ko uku za ka ga bambanci. Kuma rana tana kashe ƙarfinsa, saboda haka da yamma lis ake fesawa, lokacin ma ƙudan zuma sun koma, a jiƙa ƙarƙashin ganye da kyau, a maimaita duk sati. Cikin Agusta da ruwa ke sauka kusan kullum, in an yi ruwa bayan ka fesa to sai ka sake. Haɗin ba ya ajiyuwa, na ranar kawai za ka yi.

Akwai kuma na tafarnuwa da barkono, dunƙulen tafarnuwa ɗaya da cikin hannu na busasshen barkono a daka, a jiƙa a lita 2 ya kwana, a tace a sa sabulu. Ka lura da inda iska ke kaɗawa, in ba haka ba kai za ka fara shan maganin kafin ƙwarin. Ko wanne ka haɗa ka fara gwadawa a ganye biyu ko uku ka jira kwana ɗaya ka gani ko zai ƙone. Omo kam kar ka sa, yana ƙona ganye. Ruwan taba ma ka bar shi, guba ne sosai kuma yana iya kawo wa tumatir cuta. Toka tana taimakawa in an barbaɗa kaɗan da safe da sauran raɓa, musamman a kan ƙananan ƙwarin da ke huda ganyen kuɓewa da yakuwa, amma kar a zuba ta da yawa a buhu.

Ba duk abin da ke motsi ne maƙiyi ba fa. Ɗan ƙwaron nan ja mai kumburarren baya da ɗigo-ɗigon baƙi, darɓa yake ci, shi da 'ya'yansa. Zanzaro tsutsa yake kwasa ya kai ɗakinsa na laka, ƙoƙi-ƙoƙi da gizo-gizo da kwaɗo duk aiki suke maka, ƙadangare ma haka duk da yakan ɗan taɓa sabon tsiro. Maganin kanti mai ƙarfi su yake fara hallakawa, darɓa kuwa ta fi su saurin haihuwa, sati biyu ta dawo babu mai tare ta. Ka bar ɗoɗɗoya da albasa tsakanin buhunan, in wasu sun yi fure ma ka ƙyale su.

In ka tuge tumatir ko kuɓewa ka ga saiwar ta yi ƙulli-ƙulli, wata tsutsa ce da ido ba ya gani a cikin ƙasar. Kar ka sake maimaita su a wannan buhun, ka zazzage ƙasar ka baza ta a zafin Maris da Afrilu ta sha rana sosai, ka haɗa da ruɓaɓɓen taki, sannan ka sa masara ko albasa a ciki zagaye ɗaya kafin tumatir ya dawo.