Kurakuran da masu haya ke yi idan tsoron maƙwabci ya tashe su daga gida

Cikin wata biyu mutum uku suka same ni a nan Bauchi da kuka iri ɗaya: maƙwabci ya hana su barci, sun kwashe kaya shekara ba ta cika ba, ga shi mai gida ya ce ko sisi ba zai mayar ba. Na ukun ƙanin matata ne, wanda sau biyu na zaunar da shi na gaya masa yadda ake yi. Ya ce, "To Yaya, na ji." Bai ji ba.

Ba na ce wa kowa ya daure ya zauna. In wanda kuke shiga ta soro ɗaya ya taɓa zare maka wuƙa, ko 'yan sara-suka sun mai da ɗakinsa majalisa, ko ya fara tare 'yarka in ta dawo daga Islamiyya, ka tashi. Yadda ake tashin ne matsalar.

Kuskuren da ya fi kowanne cin mutane shi ne haɗa abu biyu da ba ɗaya ba: fitar da iyali, da sakin gida. Na farko na gaggawa ne, ko tsakar dare ana yinsa. Na biyu ba a yinsa da gaggawa ko kaɗan. Ni da aljihuna na koyi wannan.

A 2018 ina haya a wani gida mai ɗaki shida, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya. Ciki da falo na kama, naira dubu 120 a shekara, na biya a watan Janairu. Shekarar ce gwamnati ta hana sayar da maganin tari mai kodin, amma kullum da safe sai matata ta share kwalabensa a bakin ɗakin wani saurayi da ke kusa da soro. Wata rana ta ce masa ya daina wanke takalmi a bakin rijiya, ruwan yana komawa ciki. Daren nan wajen ƙarfe biyu muka ji ana kartar adda a simintin ƙofarmu, a hankali, ana ja ana tsayawa. Bai ce uffan ba. Ƙaramar 'yarmu ta farka, uwarta ta toshe mata baki da tafin hannu, haka muka zauna har aka kira assalatu.

Ana idar da sallah na nemo a-kori-kura, muka loda kaya, na miƙa wa wani yaro makulli na ce ya kai wa mai kula da gidan. Ban kira Alhaji mai gida ba, ban rubuta komai ba, ban nuna wa kowa ɗakin ba. Bayan mako uku sammaci ya same ni a wurin aiki. An ɓalle ƙofa, an zare wayoyin wuta daga bango, an cire fankar sama, mai kula da gida kuma ya rantse bai ga makulli ba. A kotu aka tambaye ni wa ya shaida na bar ɗakin lafiya. Na ce, "Allah ya gafarta malam, tsoro ne ya kore ni." Aka ce tsoro an ji, ina shaida? Babu. Kuɗin wata bakwai ya tafi, na kuma biya dubu 35 na gyara a kan ɓarnar da ban yi ba. Wata huɗu ina biyan bashin nan, ga sabuwar haya a wuyana. Har yau in na tuna raina yana ɓaci.

Ga abin da nake sa mutane su yi yanzu. Ka kai mata da yara gidan iyaye ko na ɗan'uwa a daren, da takardun makaranta da abin da ba ka son rasawa. Ɗakin kuwa ka sa masa kwaɗonka, domin har yanzu naka ne, ka biya. Ka dawo da rana tsaka da maza biyu manya, ba abokan hirarka masu zafin kai ba. Bayan an kwashe kaya a share, ka ɗauki hoton ƙofa, tagogi, silin, makunnin wuta da famfo. Makulli kuma hannu da hannu za ka ba mai gida ko wakilin da ya ambata da bakinsa, a gaban mai unguwa in da hali, a rubuta rana da wata, kowa ya sa hannu. Ko a takardar littafin ɗan makaranta aka rubuta ya wadatar. Ni biyu nake sa a yi, kowa ya riƙe ɗaya.

Kuskure na biyu kuma shiru ne, kuma nan ne nake faɗa da mutanenmu. Wata biyar mutum yana cin azaba a hannun maƙwabci, bai gaya wa mai gida ba, bai je wurin mai unguwa ba, wai kada a ce ya cika ƙorafi, wai yana jin nauyin iyayen yaron. Kai malam, nauyin wa kake ji alhali matarka ba ta iya fita banɗaki bayan isha? Ranar da za ka nemi a mayar maka da kuɗi, tambayar farko ita ce wa ka faɗa wa. In ba ka faɗa wa kowa ba, sai a ce ka samu gida mai araha ne kake neman hujja. Tun ranar farko ka sanar da mai gida, ka bi bayan maganar baki da saƙon waya, rubutacce ko na murya, kada ka goge. Ka je wurin mai unguwa da limamin masallacinku. In an nuna makami ko an ce za a kashe ka, wannan ya wuce sulhun zaure: ka tafi caji ofis, ka tsaya sai ka ga an shigar da maganar a littafi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai masu yin akasin haka, su hau Facebook su sa hoton mutumin da sunan unguwa, alhali iyalinsu na kwance katanga ɗaya da shi. Kada ka yi. Kada kuma ka tara samari a je a koya masa hankali, don daga nan kai ne za ka koma wanda ake ƙara.

Sai maganar kuɗi. Da yawa suna zuwa wurin mai gida da ɗaga murya kamar ragowar kuɗin hakkinsu ne da aka danne. A fiƙihun Malikiyya da muke bi, hayar da aka yanka wa wa'adi ƙulli ne mai ɗaure ɓangare biyu, ɗaya ba ya warware shi shi kaɗai sai da yardar ɗayan. Takardar yarjejeniyar da ka sa wa hannu ma galibi haka take cewa, sai ka nemo ta ka karanta kafin ka buɗe baki. Saboda haka roƙo za ka je yi da dabara. Ni ba na cewa "a ba ni kuɗina". Cewa nake, "Alhaji, na saki ɗakin yau, duk ranar da wani ya shiga a ba ni na watannin da suka rage daga ranar." Mai tsoron Allah ba ya son cin haya biyu a ɗaki ɗaya, kuma a gaban mai unguwa da wuya ya ƙi. In mai fitinar shi ma ɗan hayarsa ne, kuma ka sanar da shi tun da wuri bai ɗauki mataki ba, bakinka ya fi ƙarfi. In abin ya ƙi, akwai ofishin Legal Aid da ke taimakon marasa ƙarfi ba tare da kuɗin lauya ba.

Kana iya kawo wanda zai maye gurbinka, amma da sanin mai gida, kuma ka gaya wa mutumin gaskiyar abin da ya tashe ka. Na ga wanda ya cusa ango da amarya a irin wannan ɗaki ya karɓe kuɗinsu ya yi shiru. Wannan zalunci ne, ba na sa hannu a ciki.

Kada ka bi ta hannun dillali wajen neman ragowar kuɗi. La'adarsa ta kashi goma ba ta dawowa, tashinka ma wata la'adar ce gare shi.

Ƙananan abubuwa kuma ga su. Ka ɗauki hoton mita ko takardar wuta ta ƙarshe, ka biya kasonka na wuta da na 'yan sintiri, a shaida. Rasit ɗin haya ya kasance cikin kayan da za su fara fita. Mai motar kwasar kaya ka ɗauko shi daga wata tasha, ba ta bakin layinku ba. Yara kada a gaya musu sunan sabuwar unguwa sai an isa, don su ake tambaya. Sabon gidan kuma kada tsoro ya sa ka biya a ranar da ka gan shi. Ni sai na koma bayan isha na zauna wurin mai shayin layin na ga su wa ke zama a ƙofar, sannan in tura matata ta shiga ta gaisa da matan gidan, domin abin da za su gaya mata dillali ba zai gaya mini ba.

Ƙanin matata dai ranar Asabar muka je da shi wurin mai gidan, tare da mai unguwarsu. Ya rage wata shida, an daidaita a kan za a ba shi na uku idan sabon ɗan haya ya shiga, aka rubuta. Makullin da ya bar wa mai shagon ƙofar gida ba a gan shi ba, sai kafinta muka kira ya canza kuba, ƙanin nawa ya biya.