Harma: kurakuran da ɗaliban Helenanci suke yi a kan kalmar karusa

Na gaji da jin kurakurai iri ɗaya a kan kalmar karusa daga bakin masu fara koyon Helenanci na Sabon Alkawari. Kalmar da ake fassarawa da karusa ita ce ἅρμα, a furta ta "harma", jam'inta "harmata". Sau 4 kacal ta fito: Ayyukan Manzanni 8:28, 29 da 38, sai Wahayin Yahaya 9:9.

Babban kuskuren ni ma na taɓa tafka shi. Shekarata ta farko da koyo, na tsaya gaban masu nazarin Littafi Mai Tsarki na ce musu Armagedon, sunan wurin da sarakuna za su taru don yaƙi a littafin Wahayi, daga "harma" ya samo asali, wai filin karusan yaƙi. Har allo na rubuta, mutane suna kwafa a littattafansu. Da aka tashi wani dattijon fasto ya riƙo hannuna ya ce, "Ɗana, ka karanta ayar kuwa?" Muka buɗe Wahayi 16:16, ga shi ƙarara an ce sunan na Ibrananci ne. Yawancin masana suna ɗaukarsa a kan Har Magiddo, wato dutsen Magiddo. Mako na gaba sai da na koma na sa kowa ya soke abin da ya rubuta, kunya kamar ƙasa ta tsage. Kamannin sauti ya yaudare ni. Tun daga ranar, ba na faɗin asalin kalma sai na karanta ayar sau biyu.

Na biyu, a daina mai da kowace harma karusar yaƙi. Haba jama'a! Ku dubi mutumin nan na Habasha a Ayyukan Manzanni 8, ma'ajin sarauniya Kandakatu. A zaune yake cikin karusarsa, yana karanta littafin Ishaya da murya har Filibus mai bishara ya jiyo shi. Ya gayyaci Filibus ya hau su zauna tare. Da suka isa ruwa, umarni ya bayar a tsayar, ke nan akwai mai tuƙi. Karusar yaƙi a tsaye ake hawanta. Wannan abin hawan matafiyi ne, babban mutum mai komawa gida daga Urushalima. A Wahayi 9:9 ne maganar yaƙi ta shigo, can ma ƙarar fikafikan fara aka kwatanta da ta karusai.

Sauran ƙanana ne. Wannan ɗan ƙugiya a kan harafin farko na ἅρμα shi ne "h", kada ku ce "arma". Karusar da ke jerin kayan fatauci a Wahayi 18:13 wata kalma ce daban, "rhede", mai ƙafa huɗu. Karusai 600 na Fir'auna a Fitowa 14:7 kuwa da Ibrananci aka rubuta su, "rekeb". Harma da za ku gani a wurin ta tsohuwar fassarar Helenanci ce, Saftuwajinta. Ni a bayan bangon littafina na rubuta ayoyin nan huɗu da jan biro, can nake fara leƙawa.