Kafin Ku Sayi Ƙaramar Mota 'Yar Kwatano

Jama'a, tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 hankalin mutane ya koma kan ƙananan motoci irin su Toyota Yaris da Kia Picanto, kuma a ganina dabara ce mai kyau. Sai dai kafin ku biya kuɗi, ku tafi da bakaniken da kuka amince da shi ya leƙa ƙarƙashin motar, domin gishirin da ake watsawa a titunan Turai lokacin dusar ƙanƙara yana cin ƙarfe sosai. Ku ɗaga kafet ku shafa, idan kuka tarar da busasshiyar laka ko warin danshi, to mai yiwuwa ambaliya ta taɓa shanye ta. Ku kuma tabbatar lambar shasi ta dace da wadda ke takardun kwastam.