Yadda ake buɗe wa jaridar ɗalibai shafi a Wikipedia

Wani ƙanena da ke karatu a nan Maradi ya raba dare yana rubuta shafi a Wikipedia kan jaridar da suke bugawa a makarantarsu. Kwana biyu aka goge shi. Ya iske ni da tulin jaridun a hammata, ransa a ɓace: "Yaya, ga ta nan fa, ba ƙarya na yi ba." Na tausaya masa, don na san da kuɗin aljihunsu suke biyan mai bugawa. Sai dai masu gyaran Wikipedia abu guda suke tambaya: ban da masu jaridar, wa ya yi magana a kanta?

To, kafin ka taɓa kwamfuta, fita neman shaidu. Duba ko jaridar Le Sahel, ko kamfanin dillancin labarai na ANP, ko shirin rediyo na Studio Kalangou sun taɓa yin rahoto a kanta, ko wani malami ya tattauna ta a littafinsa. Rahoto nake nufi mai tsoka, wanda ya tsaya a kan jaridar kanta. In sunanta kawai aka ambata a layi ɗaya cikin labarin bikin ba da kyaututtuka, bai isa ba. Shafinku na Facebook ba shaida ba ne, haka ma sanarwar hukumar makaranta, domin duk ƴan gida ne. Samo biyu ko uku daga kafafe daban-daban. Na Faransanci ma ana karɓa, kuma ba dole sai suna intanet ba. Rubuta dai sunan marubuci, kanun labarin, kwanan wata da lambar shafi.

Sannan ka zauna rubutu. Shekarar da aka kafa ta, wa ke buga ta, da wane harshe, sau nawa take fitowa, kowace magana da madogararta. Cire kirari irin su "fitacciya" da "muryar matasa". Kada ka kwafe rubutun wani. In kana cikin masu aikin jaridar, faɗi hakan a shafin tattaunawa da ke haɗe da shafin, inda masu gyara ke musayar ra'ayi.

In shaidun ba su kai ba, kada ka matsa. Je shafin makarantar da ke Wikipedia, misali na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo in can kake, ka ƙara jimla biyu ko uku kan jaridar tare da madogara. Haka ƙanen nawa ya yi, yanzu kuma duk rahoton da ya fito a kansu sai ya yanke ya adana a ambulan.