Shekara guda a digiri na biyu: kurakuran da ke cinye mana lokaci

A makon nan na cika shekara guda cur da fara digiri na biyu a fannin tarihi a nan Katsina. Da safe ina koyarwa a sakandare, bayan azahar in hau babur in nufi lacca. Da na zauna ina duba littafin da nake rubuta ayyukana na kullum, sai na ga ba wuyar karatu ce ta cinye mini watanni ba. Wasu 'yan kurakurai ne, kuma galibin abokan karatuna sun faɗa cikinsu.

Babbansu shi ne ɗaukar cewa rubuta kundin bincike sai an gama kwasa-kwasai. Kowa ya duƙufa kan jarrabawa da semina, ana ta "bari dai mu wuce wannan tukuna", har shekara ta ƙare babi na biyu ko layi ɗaya babu. Gyaran ba shi da wuya. Tun makon farko ka buɗe fayil, duk littafi ko maƙalar da ka karanta don kwas ka rubuta 'yan layuka a kanta: me marubucin ya ce, da me ya kafa hujja, ina ya bar giɓi. Waɗannan layukan su ne za su zame maka bitar ayyukan da suka gabata, wato babi na biyu na kundin.

Sai faɗin take. Ni da farko tarihin masarautar Daura gaba ɗaya na ɗauko, tun daga Bayajidda da rijiyar Kusugu har zuwa yau. Malamin da ke duba aikina ya karanta, ya cire tabarau, ya tambaye ni shekara nawa nake da niyyar yi. Na ce, "Allah gafarta Malam, biyu." Ya ce to in zaɓi sana'a ɗaya, gari ɗaya, zamani ɗaya. Haka na koma kan dukanci a Daura daga 1903 zuwa 1960, sai ga aiki ya fara tafiya.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne sakaci da manazarta. Akwai wani zance mai kyau da na kwafa a littafina, ban sa sunan littafin da na ɗauko shi ba, balle lambar shafi. Dare biyu ina nema, daga ƙarshe dole na cire shi. Yanzu ba na rufe littafi sai na shigar da shi cikin Zotero, manhaja ce ta kyauta da ke tsara maka manazarta a salon APA ko duk wanda sashenku ke so. Idan kuma ka je Kaduna, walau Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa inda fayilolin Lardin Katsina suke a ƙarƙashin lambar KATPROF, ko cibiyar binciken tarihi ta Arewa House, ka fara ɗaukar hoton bangon fayil kafin shafukan ciki. In ba haka ba za ka dawo da hotuna ɗari uku a waya, ba ka san wanne na wane fayil ba ne, kuma kuɗin motar komawa ba ƙarami ba ne ga mai albashin malami.

Fita tattara bayanai ma yana da lokacinsa. Na yi tafiyar kusan kilomita 80 zuwa Daura a tsakiyar damina, na tarar dattawan da nake nema suna gona. A azumi mutum ba ya son doguwar hira, a makon Sallar Gani kuwa gari ya cika, ba mai zama da kai. Ka bi ta hannun mai unguwa, ka gaisa sosai kafin ka fito da takarda, ka nemi izini: "Baba, ko zan iya naɗar maganarku?" Sannan ka rubuta hirar a daren ranar, tun muryar tsohon tana kunnenka.

Batun ajiya kuwa, filashi ɗaya ba ajiya ba ce. Kowace Juma'a ka tura wa kanka aikin ta imel ko ka ɗora a Google Drive.

Akwai kuma gudun malami. Wata biyu na yi ina kauce wa ofishinsa saboda kunyar ban yi gyaran da ya ba ni ba, kunyar kuma kullum ƙaruwa take. Ranar da na je da shafi huɗu kacal, minti ashirin muka yi ya warware mini abin da ya tsaya mini a rai tun Sallah. Ka je da abin da ke hannunka komai ƙanƙantarsa, ka rubuta gyaran a gabansa, ku tsayar da ranar dawowa kafin ka tashi.

Saura dattawa uku ban gana da su ba. Mai unguwa ya ce in bari a gama kai amfanin gona gida, don haka hutun Disamba in sha Allahu a Daura zan yi shi.