Yadda Ake Tafiyar da Ƙaramar Gonar Furanni da Tarukanta a Lokacin Hunturu

A ƙasashen da sanyi ke tsananta har ruwa ya daskare, daren da ƙanƙara ta fara kwanta a kan ganye shi ne yake rufe kasuwar mai gonar furanni. Da yamma fangalan daliya da ziniya suna cike da launi, da gari ya waye sai a tarar ganyensu ya yi baƙi ya lanƙwashe. Daga wannan rana har ƙasa ta sake ɗumi, wata huɗu ne ko biyar da babu abin yanka a fili, alhali kuɗin haya da na wuta da na iri ba su tsaya ba. A arewacin duniya lokacin yakan kama daga Nuwamba zuwa Maris, a kudancinta kuma daga Mayu zuwa Satumba. Mai ƙaramar gona yana da abu biyu a gabansa: ya tsare abin da zai shuka baɗi, kuma ya riƙe mutanen da suka saba sayen furensa kada su manta hanyar gonar. A ganina hanya mafi sauƙi ita ce a haɗa su wuri guda, wato a ɗauki aikin da dama dole a yi shi, a buɗe wa jama'a ƙofa su shigo cikinsa, maimakon a ƙirƙiro wani biki da ba shi da alaƙa da gona.

Abin da ba ya jira

Ruwa ne farko. Idan ya daskare yakan ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, kuma wannan ya isa ya tsaga bututu ko ya fasa kan famfo. Saboda haka tun kafin sanyi ya kankama a kwance tiyo, a tsiyaye shi sarai, a naɗe a shigar ɗaki, a buɗe ƙarshen bututun ban ruwa domin abin da ya rage a ciki ya fita.

Sai saiwar daliya, wadda ita ce babban jarin yawancin ƙananan gonaki. Asalin wannan fure daga Meziko yake, ba ya jure ƙasa mai daskarewa, don haka da zarar ƙanƙara ta ƙona ganyensa sai a sare karan a bar kamar tsawon taƙi, a haƙa daga ɗan nesa don kada a soki saiwar, a ɗago gungun duka a karkaɗe ƙasa. Kafin a ɗaga na gaba, a rubuta sunan irin a ɗaura masa, domin idan saiwoyi suka gauraya babu mai iya bambance fari da ja sai ranar da suka yi fure. A bar su su sha iska kwana ɗaya ko biyu a inuwa, sannan a jera su cikin akwati da garin katako ko yashi mai sauƙi, a ajiye a wuri mai duhu wanda sanyinsa ke tsakanin digiri 4 zuwa 10 a ma'aunin Salshiyas. Ƙasa da haka suna iya daskarewa su zama ruwa, sama da haka kuma sai su fara tsiro tun lokaci bai yi ba. A rataye ma'aunin zafi a ɗakin, kada a dogara da jin jiki.

Ajiya ba ta ƙare ranar da aka rufe akwati. Sau ɗaya a wata a buɗe a taɓa kowace saiwa da hannu. Wadda ta yi laushi ko ta fara wari a fitar da ita nan take, domin ruɓa tana yaɗuwa. Idan aka ga suna yanƙwanewa, wurin ya bushe da yawa, sai a ɗan yayyafa wa garin katakon ruwa. Idan kuwa aka ga gumi a jikin murfi ko fumfuna ta fara fitowa, laima ce ta yi yawa, sai a bar akwatin a buɗe na kwanaki. A dubi alamun ɓeraye ma, don su ma hunturu ne ke koro su cikin ɗaki.

Rumfar leda da gajeruwar rana

Wanda yake da rumfar leda yana iya riƙe wasu tsirrai masu jure sanyi har su ƙetare hunturu, amma ya kamata ya san cewa ba sanyi kaɗai ke tsayar da girma ba. Idan hasken rana ya gaza awa 10 a yini, yawancin tsirrai kusan tsayawa suke yi cak. A wuraren da ke kan layin digiri 40 arewa da layin da ya raba duniya biyu, hakan na faruwa daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu. A wannan tsakani babu amfanin zuba taki ko yawan ban ruwa, domin shuka ba ta sha, ruwan kuma zama yake yi ya ruɓar da saiwa. Abin da ake bukata shi ne a lulluɓe fangali da farin mayafin shuka da daddare, a yaye shi da safe, kuma duk ranar da rana ta fito a ɗaga gefen rumfar iska ta ratsa ko da akwai sanyi. Sababbin manoma sukan ji tsoron buɗewa, alhali laimar da ke taruwa a rufaffiyar rumfa tana jawo fumfunar da ke cinye ganye. Idan dusar ƙanƙara ta sauka mai nauyi, a ture ta daga rufin tun tana sauka, ko da tsakar dare ne, don tana iya lanƙwasa ƙarafan.

Lissafin iri kuma da baya-baya ake yin sa. A nemi ranar da ƙanƙara ta saba yin saukarta ta ƙarshe a yankin, a ƙirga makonni daga nan zuwa baya. Furen da ake kira lisiyantus yana cin wata biyar zuwa shida kafin ya yi fure, shi ya sa ake zuba irinsa tun Disamba ko Janairu, a saman ƙasa ba tare da an binne ba, saboda yana bukatar haske kafin ya tsiro. Ranankulas ana jiƙa busasshiyar saiwarsa awa 3 zuwa 4, a sa ta cikin ƙasa mai ɗan laima a wuri mai sanyi na kusan mako biyu har ta fito da fararen jijiyoyi, sannan a dasa, kuma bayan kimanin kwana 90 take fure. Ziniya kuwa gaggawa ba ta yi mata amfani, mako huɗu kafin dashe ya ishe ta. Tsohon irin da ya kwana a gwada shi tukuna: a sa ƙwaya 10 cikin jiƙaƙƙen ƙyalle, idan biyar kaɗai suka tsiro a ninka yawan zubi ko a sayi sabo.

Tarukan da ke fitowa daga aikin

Taron da ya fi sauƙin shiryawa shi ne bitar haɗa kambun ado da busassun furanni da koren ganye, irin wanda ake ratayewa a ƙofa. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya, kayan wannan taro tun lokacin zafi ake tanadarsu. Ana yanka furannin da ke riƙe launinsu bayan bushewa kafin su gama buɗewa, a cire ganye, a ɗaure ƙananan dami, a rataye su kai a ƙasa a wuri mai duhu da iska na mako biyu zuwa uku. Haske ne ke kashe launi, don haka ɗaki mai taga babba bai dace ba. Ranar bita a ba kowa zoben da zai haɗa kambun a kai da waya da almakashi, a nuna sau ɗaya a hankali yadda ake ɗora ƙaramin dami a kan na baya domin ya rufe kararsa, ana juya wayar ba tare da an yanke ta ba har a zagayo. Daga nan mai gona ya ja baya ya bar mutane su yi da hannunsu. Kambun da ya ɗan karkace amma mutum ya haɗa shi da kansa ya fi masa daraja a kan wanda aka gyara masa.

Wanda na fi ba muhimmanci shi ne ranar raba saiwar daliya, domin a nan amfani yake tafiya ta kowane ɓangare. Saiwa ɗaya da aka shuka takan dawo da gungu mai 'ya'ya da yawa, kuma raba ɗaruruwan gungu aiki ne mai cin rai ga mutum ɗaya. Idan aka gayyato masu sha'awa, su koyi sana'a, gona kuma ta rage aiki, kowa ya koma gida da 'yan saiwoyi. Abin da za a koya musu bai wuce abu uku ba: kowace saiwa sai tana da jiki, da wuyan da bai karye ba, da ido, wato ɗan ƙullutun da ke can sama kusa da tsohon kara, inda sabon tsiro zai fito. Saiwa komai ƙibarta, idan ba ta da ido ba za ta tsiro ba. A ajiye kwanon maganin tsabtace wuƙa a kan kowane tebur, a tsoma almakashi bayan kowane gungu, domin cututtukan daliya ta bakin wuƙa suke bi daga wannan zuwa wancan. Gungun da aka ga ya yi wani kumburi maras siffa, ko tsiro ya cunkushe masa wuri guda, a jefar da shi gaba ɗaya kuma kada a sa shi cikin taki. Ya fi kyau a yi wannan taro can ƙarshen hunturu, lokacin da idanun suka fara kumbura har baƙon hannu yana iya ganinsu.

Musayar iri ba ta bukatar komai sai tebura da ambulan da alƙalami. Sharaɗi ɗaya ne ya kamata a tsaya a kai, shi ne kowane ƙunshi ya zo da sunan fure da shekarar da aka tara shi. Akwai kuma bitar dasa albasar fure a tukunya: amarilis yana fure cikin mako 6 zuwa 8 a ɗaki mai ɗumi, don haka wanda ya dasa a gonar zai yi ta tuna ta har tsakiyar sanyi. Tulif ya fi wuya, sai ya sha sanyi na mako 12 zuwa 16 kafin ya yarda ya yi fure, kuma ba a ajiye albasarsa kusa da tuffa, saboda iskar etilin da nunannun 'ya'yan itace ke fitarwa tana lalata furen tun yana ciki. Wanda ya iya wannan lissafi yana iya samun tulif na sayarwa a kusa da 14 ga Fabrairu, ranar masoya, lokacin da kasuwannin Amurka ke cike da wardi daga Kolombiya da Ekwado, na Turai kuma daga Kenya da Habasha. Ƙaramar gona ba za ta yi gasa da su a wardi ba, amma tana iya kawo abin da aka yanka da safiyar ranar.

Ɗakin taro da lafiyar baƙi

A ƙayyade yawan mutane gwargwadon teburan da ake da su da kuma waɗanda mutum ɗaya zai iya zagayawa ya duba aikinsu. A karɓi kuɗin shiga tun lokacin rajista, domin ranar da sanyi ya tsananta wanda bai biya ba yakan fasa zuwa bayan an yanka masa kaya. A sanya ranar madadi tun a sanarwar farko, saboda dusar ƙanƙara na iya rufe hanya. Tunda rana tana faɗuwa da wuri, a fara da hantsi ko da azahar, a share hanyar shiga a watsa yashi inda ke santsi, a sa fitila a wurin ajiye motoci. Batun ɗumama ɗaki ba na wasa ba ne. Murhun gas ko na kananzir ko gawayi a rufaffen wuri yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari kuma tana kisa, don haka dole a bar mashigar iska, a kuma rataye na'urar da ke ƙara idan iskar ta taru. A tuntuɓi kamfanin inshora a ji ko yarjejeniyar gonar ta haɗa da baƙi, a kuma binciki dokar yankin kafin a raba abinci ko abin sha.

Kada a cika kalanda. Taro biyu ko uku da aka shirya da kyau sun wadatar, domin mai gona ma yana bukatar makonnin da zai huta, ya wasa almakashi, ya wanke bokitai, ya zauna da littafin lissafinsa ya ga wane fure ne ya biya wahalarsa bana, wanne ne ya ci fangali a banza.

A ƙarshen kowane taro, lokacin da mutane ke tattara kayansu, shi ne daidai lokacin da za a gabatar musu da tsarin biyan kuɗin fure tun kafin a shuka. Irin wannan tsari an fara shi ne da kayan abinci, a Japan a shekarun 1970, a Amurka kuma daga 1986. A gonar fure, mai saye yana biya a hunturu, ya riƙa karɓar damin fure kowane mako idan gona ta fara bayarwa. Da wannan kuɗi ake sayen iri da ƙasar reno ba tare da cin bashi ba. A rubuta a takarda makonni nawa ne, wace rana ake karɓa, a ina, da abin da zai faru idan mutum ya yi tafiya ko ƙanƙarar bazata ta jinkirta fure. A sayar da ƙasa da abin da ake zaton gona za ta iya bayarwa, musamman a shekarar farko, sannan a rubuta sunan kowa da lambarsa da yardarsa, a aika masa saƙo ɗaya idan irin farko ya tsiro, wani kuma mako guda kafin ranar karɓar damin farko.